Tarihin Awon Haftogilobin da Masassarar Kaka

Wanda ya taɓa zama a rumfar wanzami ranar kasuwar Gure, ya ga yadda ake kafa ƙaho a gadon bayan mai ciwo, a zuƙe iska, a ɗaga a yi 'yan tsage da aska, sa'an nan a mai da ƙahon a bar shi ya sha, to, lalle ya san abin da ke biyowa idan an juye jinin a sakaina an ture shi gefe: kafin a sallami mutum na biyu ya riga ya dunƙule ya yi kamar yankin hanta, wani ruwa kuma mai ɗan rawaya yana tsatsowa ta gefensa. Wanzami da mai ciwo duka gudan jinin suke duba, su ce ai ga mataccen jini ya fita, babu wanda ya kula da ruwan, ƙasa ce ke shanye shi. Alhali kuwa a cikin ruwan nan ne Allah Ya ajiye wani sinadari, wanda masana suka yi shekaru wajen talatin suna saɓani a kan dalilin da ya sa ake nemansa a jinin mutanen ƙasashenmu a rasa. Sunansa haftogilobin.

Gure tsohon gari ne, kimanin kilomita 160 da ɗoriya gabas da Damagaram, shi ne mazaunin sarautar Muniyo, kuma matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya laƙaba wa kansa suna Abdulkarim, ya sauka a cikinsa a watan Disamba na 1852, a kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Damagaram, zamanin Muniyoma Kosso. Ƙasa ce ta tuddan rairayi da kwaruruka, inda dabino da goruba suke, inda ake haƙar kanwa a dafa gishirin mangul. Ruwan samanta na shekara wajen milimita 300 ne, yana zuba cikin wata uku ya ɗauke. Sai dai ɗan wannan ruwa, idan ya kwanta a tafkuna da gindin kwari, ya ishi sauro, shi ya sa tun kaka da kakanni an san cewa da gero ya fara ƙosawa masassara za ta shiga gidaje, ta fara da yara. Wasu su ce tumu ne, wasu su ɗora wa nonon damina laifi. Malamanmu kuwa, waɗanda suka karanta ilmin ɗibbu a littattafan Larabawa, da irin risalolin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya wallafa a kan magunguna, sun tafi a kan cewa jiki ya ginu ne bisa ɗabi'u huɗu, jini da majina da safara'u da sauda'u, kuma cuta ita ce rinjayen ɗaya a kan sauran. Ba su yi sakaci wajen lura ba ko kaɗan: sun san yaron da masassara ta daɗe a jikinsa tafin hannunsa kan yi fari, saifarsa ta kumbura, wani lokaci idonsa ya yi shawara, kuma kalmar da iyaye mata ke faɗi har yau, cewa ciwo ya shanye masa jini, magana ce da tahƙiƙi ya zo daga baya ya gaskata. Abin da ya gagare su shi ne ganin inda jinin yake tafiya.

An fara ganin wannan ne a ranar 6 ga Nuwamba 1880, a asibitin soja na Kusantina cikin Aljeriya, sa'ad da likitan Faransa Alphonse Laveran ya sa ɗigon jinin wani mai masassara a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ya tarar da wata halitta tana motsi a tsakanin jajayen ƙwayoyin jini; a 1897 kuma Ronald Ross ya same ta a cikin sauro a ƙasar Indiya. Daga nan aka fahimci aikinta. Jan ƙwayar jini 'yar jaka ce ƙanƙanuwa, cike da sinadarin da ake kira himogilobin, wanda shi ne ke ba jini launinsa, shi ne kuma ke ɗaukar iskar numfashi daga huhu zuwa gaɓoɓi. Ajalin kowace ƙwaya kwana 120 ne ko kusa da haka, ɓargo yana ƙera sababbi fiye da miliyan 2 a kowace daƙiƙa, saifa kuma tana tsince tsofaffin a natse. Ƙwayar masassara mafi muni a ƙasashenmu takan shiga jakar nan ta ci ta hayayyafa, bayan sa'a 48 ta fasa ta ta fito, 'ya'yanta su faɗa wa wasu jakunkunan; kuma a duk fashewa himogilobin na zuba tsirara a cikin ruwan jini. To, himogilobin a cikin jakarsa ni'ima ne, amma a waje dafi ne, don ƙarfen da ke cikinsa yana ƙona jijiyoyi, in ya yi yawa kuma ya bi ta ƙoda ya ɓata ta, har fitsari ya koma baƙi kamar ruwan shayin da ya daɗe a kan wuta, wanda yana cikin cututtukan Afirka ta Yamma da Turawan mulkin mallaka suka fi tsoro.

Mas'alar da ta rage ita ce, tun da ƙwayoyin jini ba su daina fashewa ko a jikin mai lafiya, me ke hana ƙoda lalacewa? Amsar ta fara fitowa daga birnin Faris a 1938, a hannun Michel Polonovski da almajirinsa Max-Fernand Jayle, kuma ba ita suka fita nema ba. Suna gwada yadda himogilobin ke aiki da ruwan nan mai kumfa da ake wanke miki da shi, sai suka lura cewa in an ƙara ruwan jini aikin yana ƙara ƙarfi, ruwan jinin wasu majiyyata kuma ya fi na masu lafiya tasiri. Suka bi diddigi har suka tabbatar akwai wani abu a ciki da ke maƙale wa himogilobin, suka sa masa suna haftogilobin daga kalmar Yunananci mai ma'anar kamawa ko ɗaurewa. Jayle ya rasa ganinsa bayan 'yan shekaru a wani haɗari na ɗakin awo, bai kuwa bar bahasin ba, ya ci gaba da shi da idanun almajiransa. A 1957 Carl-Bertil Laurell da Margareta Nyman na birnin Malmo a Suwidin suka nuna fa'idar abin a fili: muddin akwai haftogilobin a jini, himogilobin ba ya fita a fitsari, sai bayan haftogilobin ɗin ya ƙare. Hanta ce ke ƙera shi, yana yawo cikin jini kamar dogarin da aka ba igiya, da ya ci karo da himogilobin da ya tsere sai ya ɗaure shi tamau, su biyun su yi girman da ba za su ratsa matatar ƙoda ba, a kai su hanta da saifa a warware, a mai da ƙarfen taska. Illa dai wannan dogari ba ya dawowa daga aiken, tare da fursunansa ake narkar da shi. Saboda haka idan fashewar jini ta ninka abin da aka saba, hanta ba ta iya cike gurbi, sai a auna a tarar babu. Ƙofar da ake shigar da su ta ita a jikin ƙwayoyin da ke haɗiye su ma sai a 2001 aka gano ta, a Jami'ar Aarhus ta Denmak.

A nan ne labarin ya bi ta wajen masu wanki da guga. Wani saurayi ɗan Ingila mai suna Oliver Smithies yana aiki a ɗakin awo na Connaught a Toronto ta Kanada, yana neman dabarar da zai rarrabe sinadaran jini ta hanyar tura su da lantarki, ya gwada takarda ba ta biya masa bukata ba, sai ya tuna yana yaro yana taya mahaifiyarsa wanki, cewa sitatin da take dafawa don tufafi in ya huce yakan daskare. Duk wanda ya ga ragowar sitatin hula ya kwana a kwano ya san abin da ya tuna. Ya dafa sitatin dankalin Turawa, ya zuba a faranti ya daskare, ya tsaga ya sa ruwan jini, ya kunna lantarki; ƙananan sinadarai suka yi gaba, manya suka maƙale a baya, kamar yadda rariya ke raba gari da tsaki, kowane ya tsaya a layinsa. Ya buga wannan a 1955. Abin da ya fi jan hankalina a ƙissarsa shi ne kuskurensa na farko, wanda shi da bakinsa ya ba da labari: jinin da ya fara gwadawa nasa ne da na abokansa maza, da ya gwada na wata mace ya ga wasu layuka na dabam, sai ya zaci ya gano bambancin jinin maza da na mata, ya yi ta murna, har ranar da aka sami namiji da irin layukan matar. Da ya haɗa kai da Norma Ford Walker, masaniyar ilmin gado, suka bi iyalai gida gida, sai ta bayyana cewa layukan na haftogilobin ne, kuma iri uku ne a cikin mutane, waɗanda aka sa wa lamba 1-1 da 2-1 da 2-2, gwargwadon abin da mutum ya gada daga uwa da uba.

Wannan dabara ta zo daidai da wani zamani da masanan Turai ke da kwaɗayin rarrabe ƙabilun duniya ta jini, suna fatan su karanta asalin kowace al'umma da hijirarta a cikin kwalba. Anthony Allison na Jami'ar Oksfod, wanda ya girma a Kenya, wanda kuma ya riga ya nuna a 1954 cewa mai ɗauke da rabin gadon amosanin jini yana da kariya daga mummunar masassara, ya haɗu da wani Ba'amurke, Baruch Blumberg, wanda ya zo Nijeriya a 1957 ya ɗebi jini. A 1958 suka buga abin da suka samu, suka gwama mutanen Ingila da Baskawan Sifen da 'yan Nijeriya. Iri na 1 ya fi yawa a jinin Afirka ta Yamma, wannan kam ya tabbata har yau. Amma ga wani abin mamaki: kusan mutum ɗaya cikin uku na 'yan Nijeriyar, farantin sitati bai nuna musu layin haftogilobin ko ɗaya ba, fari fat. Aka sa wa wannan hali lambar sifiri, kuma tun da idon masu binciken gado yake nema, zato ya fi karkata ga cewa wani iri ne na huɗu da baƙar fata ke gada. Nigel Barnicot da J. P. Garlick da Derek Roberts suka ɗebi jinin iyalai a Arewacin Nijeriya, iyaye da 'ya'yansu, suka buga nasu a 1960, muhawara ba ta mutu ba.

Da a ce an kawo mas'alar gaban malamin usulu a zaure, ina jin tambayar da zai fara yi ita ce: wannan rashi na asali ne, ko kuwa mai bijirowa ne? Don wanda aka tarar rumbunsa wayam a watan bazara, ba a yanke masa hukuncin cewa bai taɓa noma ba. Alamu kuwa sun fara taruwa tun da wuri. Eloise Giblett ta birnin Siyatil ta auna jinin baƙaƙen Amurka a 1959, waɗanda kakanninsu daga gaɓar Afirka ta Yamma aka kwashe su, ta tarar masu sifiri kaɗan ne ƙwarai in an gwada da abin da aka gani a Nijeriya. Gado kuwa ba ya nutsewa a teku. A 1963 Blumberg da kansa, tare da abokan aikinsa, ya bi jinin wasu mutane a Amurka da aka sa wa masassara da yardarsu don gwaji, ya ga haftogilobin yana faɗuwa sa'ad da cutar ta kama. Duk da haka lambar sifiri ta ci gaba da zama a jadawalin littattafai a gefen sunayen ƙabilu, kamar wata tsaga ce ta fuska.

A tsakanin nan ne aka yi babban aikin Garki, a ƙasar Kano ta lokacin, cikin jihar Jigawa ta yau, daga 1969 zuwa 1976, inda Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya suka bi ƙauyukan Hausawa shekara da shekaru suna ƙidayar sauro da ƙwayoyin cuta. Ya nuna wa duniya abin da ya kamata a sa a gaba kafin a fassara kowane awon jini na ƙasar Hausa, wato cewa a ƙarshen damina mafi yawan yaran ƙauye suna ɗauke da ƙwayar masassara, har da waɗanda ke wasa a dandali jikinsu sanyi ƙalau. Alan Fleming na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya auna jinin mutanen wurin, ya tarar wajen jariri 2 cikin 100 ana haifarsu da cikakken amosanin jini, wanda shi ma ciwo ne na fashewar ƙwayoyi. Ashe mutanen da ake kira masu lafiya, waɗanda ake ɗibar jininsu don a san irin ƙabila, da yawansu jininsu na zuba a ɓoye ba dare ba rana.

Waɗanda suka warware ƙullin likitocin da suka zauna a ƙauyuka ne. André Rougemont, mutumin Suwizalan, da abokan aikinsa sun yi bincike a Mali, a 1980 suka fito fili suna tambaya ko wannan sifiri na gado ne da gaske, don sun ga yana ƙaruwa yana raguwa tare da masassara. Jean-François Trape da André Fribourg-Blanc kuma, a ƙasar Kwango ta Barazabil, suka buga nasu a 1985 da 1988, kuma hujjarsu irin wadda malamai ke kira gudanar hukunci tare da illarsa ce, in illa ta samu hukunci ya samu, in ta gushe ya gushe: inda sauro ya fi yawa masu sifiri sun fi yawa, kuma yaran da ba a ga haftogilobin a jininsu ba, da aka ɗora su a kan maganin masassara na wasu makonni, sai ga shi ya dawo. Har suka ba da shawarar a riƙa auna shi a gari don a san ƙarfin cutar a wurin. Adalci dai shi ne a faɗi cewa masu ra'ayin gado ba su tashi hannu rabbana ba, don a 1998 masanan Japan sun gano mutane ƙalilan a gabashin Asiya da aka haifa ba su da shi sam, waɗanda ƙarin jini kan iya tayar musu da mummunan rikici, a 2003 kuma aka sami wani ɗan canji na gado a Gana wanda ke rage yawan abin da hanta ke ƙerawa. Amma kaso mafi tsoka na sifirin nan na 1958 sawun sauro ne.

Yau ba a dafa sitati. Ma'aikacin ɗakin awo yakan ɗaure damtse da roba, ya ɗebi jini a jijiya ya zuba a 'yar kwalba, ya bar shi ya dunƙule kamar na sakainar wanzami, sa'an nan ya sa a injin da ke juya shi da gudu na 'yan mintoci, gudan ya kwanta a ƙasa, ruwan rawayan ya hau sama garau. A ɗebi kaɗan a gauraya da wani magani da aka samo daga jinin dabba, wanda ba ya kama kome sai haftogilobin. In akwai shi ruwan ya yi gurɓi, na'ura ta haska shi ta auna gurɓin. Ga baligi mai lafiya akan sami tsakanin giram 0.3 da giram 2 a lita guda. Karatun sakamakon ne ke bukatar fiƙihu, don ba a yanke hukunci da shi shi kaɗai, sai an haɗa da yawan himogilobin, da sinadarin da ke kawo shawara, da adadin sababbin ƙwayoyin da ɓargo ya saki. Ƙarancin haftogilobin yana iya zama masassara, ko amosanin jini, ko ƙarin jinin da bai dace ba, ko wani rauni na gado da ke sa jinin wasu mutane, galibi maza, ya fashe in sun sha wasu magunguna; yana iya kuma zama hanta ce ta gaza, babu wata fashewa. Jariri sabon haihuwa ba shi da shi sosai sai ya yi 'yan watanni. Abin da ya fi rikitarwa, kumburi da miki da ciwon huhu suna sa hanta ta ninka ƙera shi, har mai cuta biyu a lokaci guda, ɗaya na ɗagawa ɗaya na saukewa, takardarsa ta nuna adadi madaidaici alhali jininsa na ƙarewa.

Awo ne mai son wuta marar yankewa da firji da magani mai tsada, don haka mazauninsa manyan asibitoci ne da cibiyoyin bincike. A ƙasa irin ta Gure, inda uwa kan goyo yaro daga rugar da ke bayan tuddai a kan amalanke ko raƙumi, tambayar likita ta gaggawa biyu ce, akwai ƙwayar masassara ko babu, kuma jinin da ya rage zai kai shi gobe ko sai an ƙara masa. Ɗan tsinken awo da ake ɗiga wa jinin yatsa yana amsa ta farko cikin minti 15 zuwa 20, awon himogilobin da duban fatar ido suna amsa ta biyu. A ganina babu aibi a wannan tsari, kuma wanda ya ce a sayo na'urar haftogilobin kafin a tanadi jinin ƙari a firji ya sa alwala bayan salla. Gwajin nan na Kwango kuwa, ba tare da an kira shi da sunan ba, ana maimaita shi a kowace damina: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2012 a riƙa ba yaran Sahel 'yan wata 3 zuwa wata 59 maganin rigakafi sau ɗaya a wata muddin lokacin sauro, Nijar ta fara a 2013, Magarya ta jihar Damagaram tana cikin gundumomin farko, daga baya abin ya bazu, masu rabo suna bi gida gida da ƙwayoyi da kofin ruwa.

Saura magana guda, wadda ta shafi Fulani da Tubawa da Buzayen da ke cika kasuwar dabbobi ta Gure. Likitocin dabbobi su ma suna auna haftogilobin, amma karatunsu a juye yake, domin saniya mai ƙoshin lafiya kusan ba ta da shi a jininta, sai ciwon hantsa ko na huhu ko na mahaifa ya kama ta sa'an nan ya tashi ninki ba ninki cikin kwana ɗaya ko biyu. Da za a ɗebi jinin wata karsana mai sheƙi a turke, a ɗebi na yaron da ke riƙe da igiyarta a watan Oktoba, wanda masassara ta kwana uku a jikinsa, a kai kwalaben biyu ɗakin awo ba tare da an rubuta suna ba, mai yiwuwa ne ƙwarai takardun su fito da amsa iri ɗaya.